Zuwa ga Bawana na Karare, Mai Masana'antar Jarka

Bawana na Karare, ina gajiya, ya zafi, ya iyali, ya kuma jarka? Kada ka ce wace jarka. Labari ya riga ya baro gari, ya yini a Batsari ranar Alhamis ana cin kasuwa, ya hau motar dankali ya sauka Kano, daga can masu sarin kifi suka ƙaraso mana da shi Haɗeja da ɗuminsa. Kai kaɗai ka rage kana zaton maganar tana nan binne a bayan ɗakinka. Tun da kakanni suka bar mana wasa tsakanin Bahaɗeje da Bakatsine, babu alƙalin da zai hana ni magana, kai kuma ba ka da hurumin yin fushi. In ka kuskura ka ɓata rai, tara ta ƙaru.

Ga yadda aka ba ni labarin. In da ƙari ka rage, ko da yake na san masu kawo shi sun tausaya maka, ragi suka yi. An sa ranar auren ƙanwarka, aka ɗora maka abin shan 'yan ɗaurin aure. Ka shiga Batsari ka tambayi kuɗin katan ɗin Maltina, mai shago ya faɗa maka, ka cire hula ka yi fifita da ita, ka ce, "Wanga abu ai dawa ce da ruwa. Mu da ke noma ta, mi za ya hana mu yi namu?" Ka dawo gida ka kira yaron nan mai waya, ka sa shi ya nemo maka yadda ake yin abin sha da hatsi. Yaro ya lalubo maka wani Ba'amurke mai gemu, tsaye gaban ƙatuwar tukunyar ƙarfe, yana zuba hatsi da barzajjiyar masara, yana motsawa, yana zuba surutu. Daga ƙarshe ya ɗaga kofi, ga abu ruwan zinare, garai-garai, da farar kumfa a bisa. Ka ce nasa ma ya fi na kwalba kyan gani. Turancinka kuwa, mu da muka san ka, bai wuce na gaisuwa da taya kaya ba. Saboda haka hannun mutumin ka bi, bakinsa ka bar masa.

To bari ubangidanka ya gaya maka abin da bakin yake cewa. Giya mai gemu yake dafawa, kuma giya ce mai asali a ƙasarsu. A ƙarni na 19 Jamusawa suka yi ta ƙaura zuwa Amurka, suka zo da irin tasu giyar, mai haske, marar nauyi, wadda ake ajiyewa a wuri mai sanyi har ta kwanta ta washe. Jama'a suka koma mata, masu dafa tsohuwar giya irin ta Ingila suka ga ciniki yana sulalewa daga hannunsu. Sai suka yi dabara, suka riƙe yis ɗin da suka saba da shi, amma suka sirka sha'ir da masara. Sha'ir ɗin Amurka furotin ya yi masa yawa, yana hana ruwan washewa. Masara kuwa ga araha, ga ta tana tsinka shi ya yi sauƙin haɗiya. Wadda ta fi suna a irin wannan ita ce Genesee Cream Ale, da wani kamfani na birnin Rochester a jihar New York ya fitar a 1960. Dafa ta a gida ma ba kullum aka yarda da shi ba a can. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, shaguna suka cika da gwangwanayen ruwan tsiron sha'ir mai kauri, wai na yin burodi ne, kowa kuwa ya san ba burodi ake yi da shi ba. Sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa tasa a gidansa. Wato mai gemu da iznin gwamnatinsu yake juya muciya. Kai kuwa kana zaune a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Hisba tana zagaye, ka ɗora tukunya tsakar gida da rana tsaka, har kana kiran maƙwabta su zo su ga ci gaba.

Zan yi maka adalci a wuri ɗaya, don kada a ce Bahaɗeje ya danne bawansa. Da ka ce abin kwalba dawa ce, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Maltina ta shigo kasuwa a 1976, lokacin da tsiron sha'ir duk daga waje ake kawo shi a jirgin ruwa. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, kamfanoni suka wayi gari ba abin zubawa a tukunya, dole suka waiwayo ga dawa da masara. Gajeriyar kaurar nan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, wadda ake kira SK5912, tana cikin irin da suka fi so, daga baya har Nigerian Breweries ta gina masana'antar tsirar da dawa sukutum a Aba. Ko bayan da aka sassauta hanin, dawa ba ta fita daga tukunyarsu ba. Tireloli da ke lodin hatsi a Dawanau, wasu can suke dosa. Saboda haka tunaninka bai lalace ba tun daga tushe. Aikin ne ya faɗa hannun Bakatsine.

Mu fara da dawar kanta, wadda ba taka ba ce. Uwargida ta saye ta da kaka da kuɗin adashinta, ta ajiye sai ta yi daraja, ka auni tiya uku ba ka ce mata uffan ba. Masu tsirar da dawa suna jiƙa ta yini da kwana suna sauya ruwa, su tsane ta, su baza ta a inuwa bisa buhu, shimfiɗa marar kauri, su lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, su riƙa yayyafa ruwa safe da yamma suna juyawa. Cikin kwana uku zuwa biyar ƙwaya ta fasa, saiwa ta fito, tsiro ya leƙo. Sai a shanya a rana ta bushe ƙayau, a murje ta da hannu, a sheƙe, saiwa da tsiro su tafi da iska, ƙwaya ta rage. Kai sai ka tara taka tsibi guda a lungu, ka danne da tabarma don kada a gani, ta yi gumi, ta ɗau zafi, ƙasanta ya yi fumfuna. Wadda ta tsira kuma ka kai inji da saiwarta da tsironta, ka ce albarkar duk a nan take.

Wannan ya ba ni mamaki, domin kai ɗan ƙasar makiyaya ne. Je ka tambayi kowane Bafulatani a Runka ko Wagini dalilin da ya sa ba ya barin shanunsa su faɗa wa ƙaramar dawa ko gyauro. Tsiron dawa yana ɗauke da guba, dangin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma in akwai wanda ya kamata ya san sharrin rogo mai ɗaci, to mutumin Batsari ne. Murjewar nan da ka raina, don ita ake yin ta. Tafasa ce ta rufa maka asiri, da yake yawancin gubar tana bin tururi ta fice. Da ɗanye ka kaɗa ka ba mutane, da yanzu ba wannan takarda nake rubuta maka ba.

Daga nan sai maganar ɗari da hamsin, wadda ita ce ta fi kashe mu da dariya a nan bakin kogi. Mai gemu ya tsoma ma'auni a tukunya, lamba ta nuna 150, ya ɗaga yatsa yana gargaɗi. Kai ma ka aro ma'aunin zafi, ka ɗaura niyyar sai ruwanka ya kai 150. Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke aiki, bawana. Ɗari da hamsin ɗinsu digiri 65 ne da 'yan kai a namu ma'aunin, zafin da ruwa bai ko fara motsi ba. Ruwa kuma a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya haye 100 ko da dajin Rugu kaf za ka tura ƙarƙashinsa. An ce itacen girkin mako guda ka ƙone, ka koma kan kara, ka gama da kara ka fara kallon dangar gidan, kana zargin ma'aunin da cewa jabu ne. Abin da mutumin yake gargaɗi a kai shi ne kada a wuce wannan zafin, domin a nan ne tsiro yake aikinsa. Kai ka wuce shi da gudu, ka dafe yawancin abin da zai kawo zaƙi, sannan da ka ɗanɗana ka ji salam, ka juye sukari kwano guda don ka rufe ɓarna. Da ka ga ya watsa wani koren fure mai ɗaci wanda ba ya fitowa a ƙasarmu, ba ka tsaya tambaya ba, ka miƙa hannu ka tsinko ganyen bedi.

Duk wannan wahala kana yin ta ne, alhali malamar da ta fi mai gemu sanin dawa tana zaune taku goma daga murhunka tana kallonka. Shekara nawa kana shan kunun zaƙin uwargida? Ka taɓa tsayawa ka ga yadda take yi? Na san amsa, Bakatsine ba ya shiga madafa sai in ya ji ƙaurin nama. To saurara.

Tana jiƙa gero ko dawa ya kwana, ta wanke, ta kai markaɗe da citta da kanumfari da masoro. In ƙullu ya dawo sai ta raba shi biyu, babban kaso da ƙarami. Babban ta sheƙa masa tafasasshen ruwa tana damawa har ya dahu ya yi kauri, ludayi ya tsaya a ciki. Ƙaramin ba ta bari wuta ta gan shi, ɗanye take ajiye shi, kuma a cikinsa ne ta markaɗa busasshen dankali, wasu matan kuma tsiron shinkafa ko na dawa suke sawa. Sai ta jira. Ba ta da ma'auni, bayan hannunta ne ma'auninta. In dafaffen ya huce daidai yadda ta sani, ba zafi ƙwal ba, ba kuma sanyi ba, sai ta juye ɗanyen a kai ta motsa. Nan da ɗan lokaci abin da ludayi ke tsayawa a cikinsa ya saki, ya tsinke, ya zama ruwa. Ta rufe ta bar shi ya kwana, da asuba ta tace. Ka kurɓa ka ji zaƙi, alhali ƙwayar sukari ba ta shiga ba.

Ka san abin da ya faru a cikin robar nan? Garin hatsi sukari ne a ɗaure, harshe ba ya jin sa sai an kwance. Abin da ke kwance shi wani sinadari ne da masana ke kira amilas, yana cikin ƙwayar da ta tsira, yana kuma cikin dankali da yawan gaske, shi ya sa gasasshen dankali ya fi ɗanye zaƙi nesa ba kusa ba. Sinadarin nan ba ya iya taɓa gari sai garin ya dahu, shi kuma in zafi ya yi yawa mutuwa yake. A sha'ir abin da sauƙi, garinsa yana dahuwa a zafin da sinadarin ke iya jurewa, shi ya sa mai gemu yake zuba komai a tukunya ɗaya ya riƙe ta a 65 na awa guda ya huta. Dawa ba ta da wannan sauƙin kai. Garinta sai zafi ya haura 70 yake dahuwa sosai, a lokacin kuwa sinadarin ya fara mutuwa. Wannan ita ce matsalar da ta sha kan injiniyoyin manyan kamfanoni bayan 1988, suka yi ta gwaje-gwaje, suka koma sayo sinadarin daga waje suna ƙarawa, ko su tsame ruwan tsiron gefe su dafa garin daban sannan su mayar. Wato raba ƙullu biyu. Abin da matan Karare da Ruma da Zakka suke yi ke nan tun kafin a haifi kakan mai gemu, ba wanda ya ba su takardar shaida, ba wanda ya ɗauke su a waya. Dankalin da ke yi musu aikin kuma ba daga Jamus ake kawo shi ba, shi ne wanda kuke lodawa a mota kuna kukan ba ya kuɗi.

Ni a ganina wannan shi ne babban laifinka, ya fi na jarka. Da ka ce, "Hajiya, ina son kunu na mutum ɗari biyu, amma mai duhu, mai ƙamshin gashi," da ta soya maka ɗan tsiron dawa a kasko ya yi ja, ta haɗa, ta tace sau biyu, ta ba ka abin da 'yan ɗaurin aure za su tafi suna labari. Amma ina, ilimi a wurinka sai ya zo da gemu da Turanci. An ce ta yi maka magana sau ɗaya, ta ce, "Malam, wanga ruwa ya yi zafi da yawa," ka ce mata wannan aikin kimiyya ne, ba kunu ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ɗaki. Duk mai aure ya san in mace ta yi irin wannan addu'ar, magana ta ƙare, saura kallo.

Yanzu mu zo inda hanya ta rabu. Mai Maltina da mai giya tare suke tafiya tun daga jiƙo har tacewa da tafasa. A nan mai Maltina yake tsayawa: ya ƙara sukari da abin ba da launi, ya cusa iska, ya rufe kwalba, ya bi ta da zafi don kada wani abu mai rai ya saura a ciki. Mai giya kuwa sai ya bar ruwan ya huce ya zuba yis. Mai gemu ya yaga 'yar takarda ya zuba a gabanka, kai ma ka aika aka sayo maka na masu fanke. Shi yis ɗan ƙwadago ne da ba ya jin "tsaya": muddin akwai sukari a gabansa sai ya cinye, ya bar maka abu biyu, iska da barasa. Ba ya tambayar niyyarka, ba ruwansa da cewa ɗaurin aure za a yi. Mai gemu yana ajiye tasa a wuri mai sanyin digiri 17 ko 18, yis ya yi aiki a hankali kusan mako biyu, ƙarfin barasar ya tsaya wajen kashi 5 cikin 100. Ya kuma sa wani ɗan bututu mai ruwa a murfi, iska tana fita, ƙura ba ta shiga. Ka ga bututun, ka ce ado ne. Ka ɗura naka a jarkar manja mai lita 25, ka sa leda a baki, ka murɗa murfi har sai da ka yi nishi, ka tura ƙarƙashin gado a ɗakin kwano, cikin bazarar da zafi ke kai 40.

Dare na biyu jarka ta kumbura. Dare na uku ta yi magana.

A nan zan ajiye wasa na ɗan lokaci. Ka fi ni sanin abin da ƙara take nufi da tsakar dare a ƙasar Batsari da Safana. Shekaru mutanen da ke gefen dajin Rugu suna kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, wasu sun bar gonakinsu, wasu sun bar garuruwansu, wasu ba su dawo ba. Mu da ke nesa muna jin labari ne kawai, ku kuka sha. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarku lafiya, ya mai da kowa gonarsa. Dawar da ka yi wasa da ita ma, akwai wanda ya sa ransa a hannu kafin ya nome ta.

To amma tun da Allah ya sa jarka ce, dole a yi dariya. An ce murfin ya daki kwanon rufi, unguwa ta watse, masu tsallake katanga suka tsallake, 'yan sintiri suka iso da fitilu suna tambayar ta ina suka shigo. Aka bi wari har ɗakinka. Aka tarar da kumfa ta malale tabarma, ta jiƙa buhun takin da ka ɓoye, kai kuma kana bayan ƙyaure riƙe da muciya. Ƙasar da ta fitar da Ɗanwaire, barden Ruma da ake ba da labarinsa har gobe, yau ga jikanta jarka ta kora bayan ƙofa. Kullum kuna yi mana kirari wai kunya gare ku ba tsoro ba. Daren nan dai ka haɗa biyun.

Da gari ya waye aka ce ka tsaya kana rantsuwa kai lemo ka yi niyya, har wani dattijo ya sunsuna ya ce shi dai a iya saninsa lemo ba ya irin wannan wari. An ce ka lasa da yatsa "don tabbatarwa". Sau nawa ka tabbatar, nan ne masu riwaya suka saɓa. Ni ba malami ba ne, amma abin da kowane ɗan makarantar zaure ya sani ne: a mazhabar Malikiyya haddin mashayi bulala 80 ne, sai dai wanda bai san abin da ke cikin ƙoƙonsa ba ba a hawa kansa. Rashin Turancinka ya yi maka rana. Maganar kuma ba sabuwa ba ce. A hadisan da Muslim ya fitar akwai mutumin Yaman da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wani abin sha da suke yi da dawa, aka tambaye shi ko yana sa maye, da ya ce e, aka haramta. Abu Musa al-Ash'ari ma ya yi tambaya a kan irin wannan da kuma wani da ake yi da zuma, amsa ɗaya ce. A ɗaya gefen kuma an ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi ko dabino a ruwa, ya sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya ƙara kwana. Ka ga ashe iyakar a bayyane take, lokaci ne da tashin kumfa. Mai kunun zaƙi ta san wannan ba tare da ta buɗe littafi ba. Kunun safe na safe ne, in ya kai yamma cikin zafi ya fara tsami yana tsiyayar iska, ba ta sayar wa kowa. Shi ya sa take neman ƙanƙara ido rufe, shi ya sa kuma ba ta ajiye na yau zuwa gobe.

Abin takaici, ko a wurin masu abin ba ka ci jarrabawa ba. Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur, da suka gaji dafa burkutu don biki da aikin gayya, da sun ga aikinka da sun riƙe baki. Matansu ne ke yi, kuma aiki ne mai tsari: tsiro mai tsabta, a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a huce, a zuba ɗan tsohon da aka rage, a sha shi yana cikin tashi. Ba mai toshe bakin tulu, don sun san abin da ke ciki numfashi yake. Kai ba ka yi kunu ba, ba ka yi Maltina ba, burkutun ma da ka faɗa cikinsa bisa kuskure, mai ɗacin bedi ka yi. Har dusar da ta rage, da ka ce a ba awaki kada a yi asara, uwargida ta hana, ta ce awakinta ba su yi mata laifin komai ba.

Na san abin da za ka ce, don bakinku ɗaya ne: wai Bahaɗeje mai ƙarnin kifi me ya sani game da dawa. Mu dai ba a taɓa jin tarunmu ya fashe da dare ya tashi gari ba. Kuma labari ya iso mana cewa ranar ɗaurin auren, uwargida da maƙwabtanta ne suka tashi tun jajibiri suka cika robobi da kunun zaƙi da zoɓo, aka sha aka yi guzuri, kai kana bakin ƙofa cikin babbar riga kana amsa "sannu da ƙoƙari" ba ko kunya.

Ga hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Za ka mayar wa uwargida tiya uku na dawa a farashin yau, ba na kaka ba, da itacenta, da turmin atamfa na haƙuri. Za ka sayi sabuwar jarka ka ba mai manja. 'Yan sintiri a kai musu goro. Ni kuma in watan cika-ciki ya kama, kuɗin sharata ya ninka, ka haɗo da buhun dankalin Batsari, rabi ɗanye rabi busasshe, tun da na ga ku ba ku san darajarsa ba. Yaron nan mai waya a bar shi, ba shi da laifi, abin da aka sa shi ya yi.

Saura abu ɗaya. Wani direba ya ce ya gan ka ranar kasuwa a layin masu zuma kana taya galan biyu, kana kuma tambayar inda ake sayar da jarka mai kauri. Bawana, na zuma ma an riga an yi tambaya a kansa tun zamanin Abu Musa, kuma na gaya maka amsar. In ka ƙi ji, wannan karon ka sanar da mai unguwa tun da rana, mutane su san inda za su ajiye takalmansu.